Daga Fatar Kalangu Zuwa Mita 49

Barkanmu da sake saduwa a shirinmu na ilimin kimiyya. Ina gaida na cikin Birnin Zariya, da na Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun, da na Sabon Gari har zuwa Samaru, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a shago ko a bakin murhu.

Dattawan da suka tashi da akwatin rediyo mai batir ba sai an tuna musu da mita 16, da 19, da 25, da 31, da 49 ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Amurka ya biyo baya a 1979, kuma shekara da shekaru masu gabatarwa suna karanto mana waɗannan lambobi, mu kuma muna murɗa akwati har allura ta tsaya inda aka ce. To amma tsawon me ake aunawa? Tela yadi yake aunawa, magini fili. Mita 49 ɗin nan fa, daga ina zuwa ina? Amsar wannan tambaya ita ce zancenmu na yau, wato igiyoyi: irin motsin nan da ke ratsa ruwa da iska da ƙarfe, wani ma har ya ratsa sararin da babu komai a cikinsa.

Mu fara da wadda ido ke gani. Je ka bakin kududdufi, ko wani wuri a Kubanni inda ruwa ya kwanta, da sassafe kafin iska ta tashi. Jefa guntun kara a kan ruwan, ka bari ya natsu, sannan ka jefa tsakuwa nesa da shi kaɗan. Zobba za su tashi daga inda tsakuwar ta faɗa, suna buɗewa, ɗaya na bin ɗaya. Kada zobban su ɗauke maka hankali, karan za ka zuba wa ido. Idan suka iso gare shi zai ɗaga, ya sauka, ya ɗaga, ya sauka, su wuce su bar shi kusan inda suka same shi. Da ruwan ne ke gudu zuwa gaɓa, ai da ya tafi da karan. Ruwan bai je ko'ina ba. Ƙarfin da tsakuwar ta zuba ne ya yi tafiya: kowane ɗigo ya ɗan motsa, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma mazauninsa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin yau. Igiya tana ɗaukar ƙarfi da saƙo daga wuri zuwa wuri, ba ta ɗaukar abin da take bi ta cikinsa.

Kafin ka bar bakin ruwan, duba abubuwa uku. Kowace igiya tana da tozo, inda ruwan ya tashi, da kwari, inda ya lotsa. Tazarar da ke tsakanin tozo da tozon da ke biye da shi ita ce zango. Yawan tozon da ke wuce karanka a cikin sakan guda shi ne yawan kaɗawa, ana kuma auna shi da haz: kaɗawa ɗaya a sakan, haz ɗaya ke nan, dubu, kilohaz, miliyan, megahaz. Na uku shi ne girman kaɗawar, wato yadda tozon ya yi tsayi. Tsakuwa ƙarama, tozo ƙarami. Ka jefa bulo, ka ga tozon da zai jiƙa maka ƙafa.

A ruwa, da kuma a zanin da mace ta kama bakinsa ta kaɗe, motsin sama da ƙasa ne, igiyar kuma tana tafiya gaba. Sauti ba haka yake yi ba. Fatar ganga idan ta turo waje sai ta matse iskar da ke gabanta, idan ta koma ciki sai iskar ta sassauta. Matsewa da sassautawar nan ne ke bin juna har su iso dodon kunnenka su girgiza shi. Shi ya sa sauti ba ya tafiya sai da abin da zai matsa. A 1660 Robert Boyle na Ingila ya gwada haka: ya sa abu mai ƙara a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar ciki da famfo, ƙarar tana dusashewa, alhali ido na ganin abin yana aikinsa. Haske kuwa ba ruwansa da iska. Daga rana yake tasowa, ya ratsa kilomita miliyan 150 na sararin da babu iska, ya iso mana cikin minti takwas da 'yan sakanni.

(Kiɗan kalangu na ɗan lokaci)

Kun ji kalangu. Ban san wani kayan aiki da ya fi shi bayyana wannan ilimi ba, har da na ɗakin gwaje-gwaje. Ku tsaya kusa da makaɗi ran da mahauta ke biki, ku bar kallon gular da ke hannunsa na dama, ku kalli hammatarsa ta hagu. Tsirkiyoyin da suka haɗa fatun biyu suna nan ƙarƙashin damtsensa. Ya matse su, fata ta ɗame, sautin ya yi siriri ya hau sama. Ya sassauta, fata ta saki, sautin ya yi kauri ya sauko. Wani lokaci ma bugu ɗaya zai yi, ya matse kafin sautin ya mutu, ka ji ya lanƙwashe a tsakiya. Fatar da ta ɗame tana saurin komawa mazauninta bayan an doke ta, don haka kaɗawarta a sakan ta fi yawa. Yawan kaɗawa shi ne kaifin sauti ko kaurinsa. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, makaɗin da ya iya hammatarsa yana bin karin magana har mai sauraro ya gane kirarin wa ake yi.

Hannun dama kuma aikinsa daban. Ya doka da ƙarfi, fatar ta yi nisa da mazauninta kafin ta dawo, iskar ta matsu sosai, ƙara ta yi yawa. Wannan girman kaɗawa ne. Ɗalibai da yawa suna haɗa biyun a jarrabawa, su ce sauti mai ƙara shi ne mai yawan kaɗawa. A'a. Sauro yana da siririn sauti marar ƙarfi. Tambarin sarki yana da kauri, ga kuma ƙarfi. Hammata ke riƙe da kaifi, gula ke riƙe da ƙara.

Haka abin yake ga mai goge da mai gurmi: ya danne tsirkiya da yatsa, ɓangaren da ke rawa ya gajarta, sautin ya hau. Kakaki da ake busa wa Sarkin Zazzau ranar hawa dogo ne, iskar da ke cikinsa doguwa ce, muryarsa mai kauri. Sarewa gajera ce, muryarta siririya. Muryar namiji baligi tana kaɗawa wajen sau 120 a sakan, ta mace wajen sau 200 ko fiye. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga haz 20 zuwa haz 20,000, kuma saman wannan iyaka yana zaizayewa da shekaru. Wasu jemagu suna kuka da sautin da ya wuce nan, wanda kunnenmu ba ya ji.

Akwai wani masanin wannan fanni da muke wucewa kullum ba mu lura ba: ɗan garuwa a bakin bohol. Ya jera jarkoki a kura, ya zura tiyo a ɗaya, ya juya baya yana hira. Bai leƙa ba, jarkar ma ba a ganin cikinta, amma daidai lokacin da za ta cika sai ya juyo ya mayar da tiyon cikin ta gaba. Kunnensa ne ke masa aiki. Jarkar da ba komai cikinta tana amsawa da murya mai kauri, domin iskar da ke ciki tana da yawa. Ruwa na hawa, wurin iskar na raguwa, sautin na ƙara siririntaka, har can kusa da wuya ya koma tamkar fito. Kowane rami mai iska yana da kaɗawar da ya fi amsawa, gwargwadon girmansa. Da wannan ne ƙoƙon goge da jikin gurmi ke ƙara wa tsirkiya murya, da shi ne kuma bakinka da hancinka ke sa a gane muryarka ko a cikin duhu.

Yanzu sai sauri. A iska, sauti yana cin wajen mita 340 a sakan. Da zafin bazara yakan haura 350, domin iska mai zafi ta fi saurin miƙa shi. A ruwa ya kusa mita 1,500. A ƙarfe ya kai 5,000, shi ya sa layin dogo kan fara tsiwa kafin kunne ya ji jirgin ta iska. Ba na ce yara su je su kafa kunne a kan layi ba; wannan gwaji ne da ba a yi. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a sakan guda.

Bambancin nan muna ganinsa kullum. Ka hango mai faskare daga nesa, gatari ya sauka, ya fara ɗagawa, sannan ka ji ƙarar. Ƙananan jiragen koyo na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke nan Zariya, wadda aka kafa a 1964, idan suna shawagi a kanmu, ka ɗaga kai inda ka ji ƙara, sai ka tarar jirgin ya riga ya yi gaba. Da damina kuma abin yana da amfani. Walƙiya da tsawa lokaci guda suke faruwa. Ka ga walƙiya, fara ƙirga sakanni har ka ji tsawar: kowane sakan uku kilomita ɗaya ne. Ka ƙirga tara, aradun ta faɗi kilomita uku daga inda kake, ba wurin tsayawa a fili ko ƙarƙashin doguwar bishiya ba ne. Manomi da makiyayi da yara masu ƙwallo, ku nemi gini ku shiga.

Ga dokar da ta ɗaure waɗannan abubuwa wuri guda, kuma ita kaɗai ce lissafin da zan ɗora muku yau. Saurin igiya daidai yake da zangonta sau yawan kaɗawarta. Tunda saurin a cikin abu guda ba ya canzawa, idan kaɗawa ta yi yawa dole zango ya gajarta, idan ta ragu ya tsawaita. Mu gwada. Rediyon Najeriya Kaduna ta daɗe tana watsa shirye-shirye a kan kilohaz 6090, wato kaɗawa miliyan shida da dubu casa'in a sakan. Igiyar rediyo da saurin haske take tafiya, mita miliyan 300 a sakan. Raba wannan da wancan, za ka samu 49 da 'yan kai. Ga mita 49 ɗinku: tazarar da ke tsakanin tozo da tozo na igiyar da ke ɗauke da muryar mai labarai. A kilohaz 594, matsakaicin zango, tazarar ta haura mita 500. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, zangonsu wajen mita uku kacal, kuma eriyar da kake zarowa a akwatinka an yanka ta ne ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato santimita 75. Wayar salula da ta shigo Najeriya a 2001 tana aiki a megahaz 900 da 1800, zangonta bai wuce santimita 33 ba, shi ya sa eriyarta ta ɓuya a cikin aljihu.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Me igiya ke yi idan ta gamu da wani abu a hanya? Wani lokaci takan dawo. Ka yi kira a gaban dutse irin Kufena, muryarka ta dawo maka. Amsa-kuwwa ke nan. Sai bangon ya kai nisan mita 17 ko fiye kunne ke iya raba kiran da amsar. Idan bai kai ba sai su cakuɗe, ɗaki ya riƙa gunji. Mata sun san wannan sarai. Ɗakin amarya kafin a yi jere, siminti da tayil ne kawai, ka yi magana ka ji ta tana yawo. A kawo gado da katifa da labule da kafet, gunjin ya ɓace, domin abu mai laushi yana shanye sauti, mai tauri da santsi yana mayar da shi. A nan ina da shawara ga kwamitocin manyan masallatai da ɗakunan taro da ake ginawa yanzu da tayil har bango. Idan na sahun baya ba sa fahimtar huɗuba, sau da yawa ba ƙarancin ƙara ba ne, maimaituwar sautin ce. Ƙara lasifika da murɗa ta har ƙarshe ƙara dagula abin yake yi. Darduma mai kauri, da labule, da ƙananan lasifikoki da aka rarraba aka rage musu murya, sun fi manya biyu masu tsawa.

Wani lokaci kuma igiya takan lanƙwasa, idan saurinta ya canza a hanya. Mutanen Tudun Wada da suka san lokacin da jirgin ƙasa ke zirga-zirga sosai za su tuna yadda kukansa daga tashar Sabon Gari ke shigowa har ɗaka da asubar hunturu, alhali da rana ba a jinsa. Shirun dare yana taimakawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi, ta sama kuma ta fi ta ɗumi. Sautin da ya nufi sama sai ya shiga iska mai ɗumi, ɓangarensa na sama ya riga na ƙasa sauri, ya karkato ya dawo ƙasa can nesa. Da tsakar rana akasin haka ne: ƙasa ce mai zafi, sautin sama yake karkata ya tafi a banza. Da wannan ne kiran sallar asuba daga cikin Birni ke tsallake ganuwa ya kai unguwannin da na azahar ba ya kaiwa.

Haske ma haka. Kawalwalniyar da direba ke gani a kan kwalta tsakanin Zariya da Kano a watan Afrilu, wadda yake bi ba ya cimma, hoton sararin sama ce: hasken da ya gangaro ya shiga iska mai zafin gaske a saman kwalta, ya lanƙwaso ya shiga idonsa ta ƙasa. Malamin nan Ibn al-Haytham, haifaffen Basra, ya yi bincike mai zurfi kan dawowar haske da lanƙwasarsa a littafinsa Kitab al-Manazir da ya rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, shi ne kuma ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba.

Igiya kuma tana zagaye kwana, amma gwargwadon zangonta. Mai dogon zango tana kewaye katanga, mai gajere katanga na tare ta. Sauti mai kauri na haz 100 zangonsa ya haura mita uku. Siriri na haz 5,000 bai wuce santimita bakwai ba. Shi ya sa idan ana biki a lungu na uku daga gidanka ba ka jin waƙar, sai dukan nan mai kauri da ke ratsa ƙirji ya hana ka barci. Sai kuma hon ɗin babur da ke tahowa daga Ƙofar Doka: yana nufo ka sautin siriri ne, yana wuce ka sai ya faɗi ya yi kauri. Tahowar na matse zangon, tafiyar na miƙe shi. Christian Doppler ya yi bayanin haka a 1842, bayan shekara uku wani masani a ƙasar Holan ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa ya tabbatar.

Mu koma kan rediyo, domin duk waɗannan halaye suna cikinta. A wajen 1865 James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa lantarki da maganaɗisu suna iya haɗuwa su yi igiyar da ke gudu da saurin haske, kuma haske kansa irin wannan igiya ce. Heinrich Hertz na Jamus, wanda ma'aunin haz ke ɗauke da sunansa, shi ya samar da ita a ɗakin gwaji a 1887. Ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai ga abin da za ta zama ba. A 1901 Marconi ya aika sigina daga Ingila ta tsallake tekun Atilantika zuwa Newfoundland. Masana suka yi ta mamaki, tunda duniya a lanƙwashe take, igiyar kuma miƙe take tafiya. Sai a 1924 Edward Appleton ya tabbatar da cewa can sama, daga wajen kilomita 80 zuwa ɗaruruwa, akwai iskar da hasken rana ya cika da lantarki, wadda ke mayar da wasu igiyoyin rediyo ƙasa kamar yadda madubi ke mayar da haske.

Gajeren zango, irin su mita 49, da wannan yake rayuwa. Igiya ta tashi daga tashar da BBC ke da ita a tsibirin Ascension a tsakiyar teku, ta doki saman nan, ta sauko a tsakar gida a Zazzau. Matsakaicin zango kuma, da rana akwai wani sashe na ƙasa-ƙasa da ke shanye shi. Rana na faɗuwa sashen ya watse, sai ka ji tashoshin ƙasashen da ba ka san harshensu ba sun cika akwati. Hawa da saukar nan da murya ke yi, ta zo ta tafi, igiyoyi biyu ne na tasha ɗaya suka iso ta hanyoyi daban: tozo ya haɗu da tozo, murya ta ƙaru, tozo ya faɗa kwari, su kashe juna. FM kuwa huda saman take yi ta wuce, don haka iyakarta inda eriyar tashar ke hange. Ka bar gari da mota, bayan kilomitoci masu yawa sai ta fara shashshaka. Tauraron ɗan'adam da farantinka ke kallo yana nesa da mu kilomita kusan 36,000, zangon igiyarsa santimita biyu da rabi ne, ɗigon ruwan sama yana iya shanye ta ya watsa ta. Hadari ya haɗu, ƙwallo ta tsaya. Ba laifin mai gidan kallo ba ne.

To, ga inda nake son mu yi magana ta gaskiya. A ganina, tsoronmu na igiyoyi ba ya kan inda ya kamata. Ku tuna 2020, lokacin korona, yadda saƙonni suka yi ta yawo a WhatsApp cewa 5G ce ke kawo cutar, alhali ba a fara 5G a Najeriya ba sai 2022. Har yanzu akwai unguwannin da ake kallon ƙarfen sabis da zargi. Rediyo, da wayar salula, da zafin garwashi, da hasken da muke gani, da hoton ƙashi na asibiti, duk dangi ɗaya ne, yawan kaɗawa ne ya bambanta su, kuma yawan kaɗawar ne ke nuna ko igiya na iya fasa ƙwayoyin jiki. Igiyar 5G da ake amfani da ita a nan tana kaɗawa sau biliyan uku da rabi a sakan. Hasken fitilar ɗakinka ya ninka wannan fiye da sau dubu ɗari. Igiyar waya ba ta da ƙarfin fasa komai a jiki. Iyakarta, idan ta yi yawa ƙwarai, ta ɗumama. Ƙarfinta kuma yana faɗuwa da sauri: ka ninka nisa biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bincike bai tabbatar da wata cuta daga irin ƙarfin da ke isa gidajen maƙwabtan waɗannan ƙarafa ba. Wanda ke kwana kusa da ɗaya, idan yana da ƙorafi na gaskiya, hayaƙi da ƙarar janaretan da ke gindinsa ne.

Haɗarin yana farawa ne daga saman hasken da ido ke gani. Wutar walda tana fitar da irin wannan haske. Duk mai walda a Tudun Wada ya san daren da ido ke yi kamar an zuba yashi, hawaye na zuba, ba a iya buɗe shi. Ƙuna ce a fatar ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare ta, sai gilashin walda na ainihi, kuma yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe shi ma yana buƙatarsa, ba kau da kai kawai ba. Sama da wannan akwai hasken hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895, wanda ke ratsa tsoka ƙashi ya tare shi. Yana da amfani ƙwarai, amma ba a yinsa don sha'awa, kuma mai juna biyu ta faɗa wa ma'aikaci kafin a ɗauka. Can ƙarshe akwai gama, wadda masana a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke aunawa don gane sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse da abinci, tun da aka kunna ƙaramar na'urar nukiliyarsu a 2004. Su a bayan kariya suke aiki, da na'urar auna abin da ya taɓa jikinsu.

Sikanin da ake yi wa masu ciki kuwa ba ya cikin wannan dangi sam. Sauti ne, mai kaɗawa sau miliyoyi a sakan, wanda kunne ba ya ji. Na'urar tana aika shi cikin jiki, tana sauraron amsa-kuwwarsa, ta zana hoto da lokacin da kowace amsa ta ɗauka kafin ta dawo. Bugun zuciyar jaririn da ake jiyar da uwa, dabarar Doppler ce, ta hon ɗin babur. Don haka iyayenmu mata da ƙannenmu, kada wata ta ƙi zuwa awo, a asibitin Shika ne ko a na unguwa, don an ce mata sikanin yana ƙona yaro.

Igiyar da ta fi yi mana ɓarna a garin nan ita ce wadda muka saba da ita har muka daina jin ta a matsayin haɗari: ƙara. Ana auna ta da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 minti goma sha biyar. Ba sai kana da na'ura ba. Idan mutum yana tsaye nisan hannu daga gare ka, sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin ya kai iyakar ko ya wuce. Ku auna da wannan rumfar injin niƙa, da shagon da janareta ke bakin ƙofarsa, da kujerar da ke gaban lasifikar biki, da iyafis ɗin da matasa ke kwana da shi a kunne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar kaɗawa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a cikin taro. Tsiwar da kunne ke yi bayan ka bar wurin ƙara alama ce cewa an taɓa su.

Masu injin niƙa da na markaɗe da na yankan katako, toshen kunne na roba ana samunsa wurin masu sayar da kayan aiki, kuɗinsa ba shi da yawa. Ku saya wa kanku, ku saya wa yaran da ke tsaye a bakin inji daga safe har magariba. Auduga ba ta tare abin kirki. Janareta kuma a matsar da shi nesa da inda ake zama, tunda ninka nisa biyu a fili yana rage desibel shida. Iyaye mata masu zuwa biki da goyo, a nemi wuri can baya, nesa da lasifika.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauki haske shi kaɗai: bakan gizo, da tabarau, da dalilin da ke sa rana ta yi fari fat idan ƙurar hunturu ta sauko.